Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban gama haɗiyewa ba, nake sanar da abokan aiki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin Babban Injiniya. Kada wanda ya yi mini fuskar mamaki. Kun ji tarinta, kuka toshe kunne. Kun ga jikinta ya yi zafi, kuka mai da ita wurin ɗumama shayi.

Marigayiyar ita kaɗai ta iya haɗa Linux, tsarin manhajar da muke zuba wa ƙananan allunan lantarkin da ke kunna famfunan ban ruwa. An tsara aikin hawa-hawa: hawan masu ƙera allo, hawan tsarin kansa, sai hawan manhajarmu, kowa da iyakarsa. Amma duk mai gyara sai ya cusa nasa a hawan da hannunsa ya kai, a cikinta kawai, bai kai rumbun da muke ajiye aikinmu na bai ɗaya ba. Ta haɗiye duka. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba, kuma da asirin ta tafi.

Ciwon ya fara ne daga fanka, "garrr, garrr". Sai faifan ajiyarta ya koma "ƙyas, ƙyas". Ranar Talata da hantsi ta ce "ƙit", shi ke nan.

Ni na fi kowa neman a yi mata ritaya. Na cika allon ofis da zane, har ake kirana Mai Wa'azi. Na gina wani layin aiki na kwamfuta da ke haɗa komai da kansa da zarar an tura gyara, kullum yana nuna kore, alamar lafiya, ni kuma ina hura hanci. Gwaggo na cikawa ya koma ja. Matakinsa na ƙarshe, wanda na kira "na wucin gadi", ita yake miƙa wa aikin. Ashe ɗan aike na gina mata, ba magaji ba.

Ta rasu ta bar Babban Injiniya da ƙafafu cikin sanyi, da abokin aikinmu Dogo, wanda ya rantse ya gyara wani abu bara amma ya manta hawan. Ta kuma bar manoma da famfunan da ke mutuwa da tsakar rana, suna jiran gyaran da a yau ba mu da inda za mu haɗa shi. Shuka kuwa ba ta san uzuri ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da safe a ɗakin taro. Ba ma karɓar gaisuwa. Ka zo da kwamfutarka, ka tono gyaranka, ka sa shi a hawansa, ka tura rumbu. Za mu haɗa aikin a sabuwar kwamfutar da ba ta san kowa ba, har da ni. Gawar na nan a kan tebur, ba mai ɗaga ta sai allon lantarki ya kunna famfo.