Turaren Wuta a Gindin Mota

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma hannun mijina ba zai bari ba. Har yanzu in aka ƙyasta ashana kusa da ni sai na ja da baya.

Wata Asabar ce, ina amarya a Kalgo, surukata Inna za ta zo daga Gwandu ganin ɗakina karon farko. Tun safe nake shara da goge-goge. Shi kuwa maigidan sai ya ga ranar ce ta dace ya yi wa tsohuwar motarsa juyen baƙin mai a tsakar gida, wai ta kwana biyu tana yoyo, yana son gano daga ina.

Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ya kwanta a kai da sifana, ƙafafunsa kawai nake gani. Can ya kira ni.

"Zo ki gani. Wanga baƙin ɗigo mai kauri daga notin juye mai yake, ba shi ban tsoro. Amma wanga fari da ke bushewa nan take, shi ad damuwata. Kina jin warin fetur?"

Na ce, "Ina ji, har cikin ɗaki."

"To tiyon fetur ya tsage ke nan. Bari in bi shi."

(Na gama sakandare fa. Na san fetur na kama wuta. In da a jarrabawa aka tambaye ni, da na ci.)

Amma ni a lokacin abin da ke kaina ɗaya ne: Inna za ta shigo ta tarar gidan amarya yana warin gareji. Me mace take yi in gida na wari? Na ɗebo garwashi a kasko, na zuba turaren wuta mai kyau na cikin kayan aurena, na kawo na ajiye daidai inda warin ya fi ƙarfi, gindin tayar baya. Har da fifita na yi masa, don hayaƙin ya shiga ƙarƙashi sosai.

Ban ga tashin wutar ba, ƙararta na ji, fuu. Sai ga ta tana bin ƙasa, ta kama kwalin da yake kwance a kai. Ihun da ya yi, ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba. Na damƙi ƙafafunsa na ja, ban san inda na samo ƙarfin ba. Ya fito hannun rigarsa na ci, yana birgima. Maƙwabta suka auko suna salati, suka yi ta watsa yashi har ta mutu kafin ta kai tanki.

Ana cikin haka ɗan acaba ya sauke Inna a ƙofar gida. Ta ratsa mutane, ta durƙusa kan ɗanta. Kowa na cewa tiyo ne, tsautsayi ne, ƙila wayar wutar motar ce ta yi tartsatsi. Shi kuwa yana ta cije leɓe. Ni kuma na raɓe a bayan mutane.

Sai Inna ta ɗaga kai, ta shaƙi iska. Duk da ƙaurin roba da na fata, tsakar gidan nan ƙamshi yake yi. Turaren mai kyau ne, na faɗa muku.

"Wa yas sa turare a nan?"

Wata maƙwabciya ta tone yashi da ƙafa, sai ga kaskona. Idanu suka dawo kaina gaba ɗaya.

"Inna, don ke na sa," na ce, "kada ki ji wari."

Ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa kawai ta yi, "Ɗiyata, ɗauko mayafinki mu kai shi asibiti."

Ya rayu, alhamdu lillahi. Fatar hannunsa daga wuyan hannu zuwa gwiwa ta tafi, yatsu biyu har yau ba sa lanƙwasuwa sosai. Lokacin jinya ni nake wanke masa ciwon kullum, ni nake kuka, shi yake ba ni haƙuri.

Abin da na koya, in abu ya yi wari a nemi inda yake fitowa kafin a nemi abin rufe shi. Shi kuwa tun yana jinya ya ce in an kwance bandeji zai koya mini juyen mai: ni a ƙarƙashin mota, shi a tsaye yana gadi.