Ranar da Harsashin Lawal Ya Dawo Gida

"Ni Lawal Tsawa, in na harba sama, harsashina ba ya dawowa. Kunyata yake ji!"

Haka yake cika mana baki a teburin mai shayi a Gwammaja, shekarar da sojoji suka koma bariki. Abokina, mutumin nan ko ƙadangare bai taɓa kashewa ba. Abin da ya mallaka kawai tsohuwar bindigar da ya gada wurin kawunsa, sai gashin baki kamar tsintsiyar masallaci.

To, Alhaji Haruna na layinmu ya ci kansila, ya ce zai ɗauki mai tsaron lafiyarsa. Lawal ya ƙwallafa rai a kan aikin, har barci ya ƙaurace masa. Ranar walimar cin zaɓe ya sha rigar jam'iyya mai hoton Alhaji a ƙirji, ya karkata hula, ya saɓo bindiga.

Indo mai abinci tana juya miya a rumfar kwano. Ta ce, "Malam Lawal, don girman Allah ajiye ƙarfen nan. Ga yara ko'ina. In ka harba, harsashi ya juyo, kan wa zai sauka?"

"Ke Indo, tsaya a kuka da daddawa! In ya kai can, rana ke narkar da shi kamar man shanu."

Ya ɗaga bututu sama, daram! Mata suka rangaɗa guɗa. Gogan ya gyara murya, ya yi kirari, ya dafa ƙirji: "Ranka ya daɗe, muddin ina numfashi, ko ƙuda ya doshe ka..."

Bai ƙarasa ba. Harsashi ya gama yawonsa, ya juyo da gudun da ido ba ya gani, ya huda kwano, ƙwal! Ya fasa tukunyar Indo, dab da inda jikar Alhaji ke zaune. Miya ta malale.

Jarumin namu ya yi jifa da bindiga, ya nutse ƙarƙashin benci. "Juyin mulki! Sojoji sun dawo!" Ya tuɓe riga, ya cusa hula a kwata. "Yallaɓai kar ku harbe ni! Wallahi ban zaɓe shi ba! Ga shi can, mai farar babbar riga!"

Alhaji ya ɗauki jikarsa, ya tako a hankali, ya sunkuya ya leƙa benci.

"Fito, Janar, babu soja. Amma tunda ka fara, ƙarasa mana: wa ka zaɓa?"