Sarkin Baƙi a Shagon Kumbo

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi rawa a shagon Ɗanladi mai gem ba. Rawa fa ta gaske, har da juyi, a gaban ƙarti masu gemu. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Na gama sakandare ina zaman jiran sakamako a garinmu Kafin Maiyaki, ba cas ba as. Sai Ɗanladi ya je Kano ya sayo na'urar gem ta gwanjo, ya haɗa ta da tsohuwar talabijin da ɗan janareto a wani shago kusa da kasuwa. A cikin kasakasan da ya zo da su akwai wani da ba wanda ya iya karanta rubutun jikinsa, sai muka raɗa masa suna Kumbo. Jirage biyu ne, ja da shuɗi, a cikin baƙin sararin samaniya mai taurari da duwatsu masu yawo. Mutum biyu kowa ya riƙe hannun gem ɗinsa, kowa na neman ya tarwatsa jirgin ɗan'uwansa. (Yaran yanzu da ke irin wannan yaƙi a waya da mutanen da ba su taɓa gani ba, su sani mu namu abokin gabar gwiwarsa na gugar tamu, muna jin warin ɗanyar albasar da ya ci.)

Shagon yana da dokarsa. Akwai dogon benci a gaban talabijin, wannan na 'yan gida ne. Baƙo kuwa bakin ƙofa yake tsugunawa, ba ya taɓa hannun gem sai 'yan benci sun gaji. Kuma ba ya hawa benci sai ranar da ya harbo jirgin wanda ya koya masa. To wa zai koya masa? Gwanin shagon, Habu ɗan acaɓa, mutum ne mai baki kamar reza. In baƙo ya riƙe hannu a juye, Habu zai yi ta ba da labarinsa a tasha har a manta sunansa na yanka. Da yawa zuwa ɗaya suke yi, ba sa komawa.

Abin ya dame ni, don ni ma na sha bakin Habu. Sai na ɗora wa kaina aikin tarbar baƙi. In na ga sabuwar fuska tana leƙe, sai in tashi in ba shi hannun gem ɗina, in nuna masa madannin tafiya da na harbi, in gaya masa kada ya kula Habu, haka Allah ya yi shi. Ba a jima ba aka fara kirana Sarkin Baƙi, ni kuma na karɓi sarautar hannu bibbiyu. Gaskiyar da ban cika faɗa ba ita ce, ban iya Kumbo sosai ba. Ɗalibaina ba sa daɗewa suke harbo ni su haye benci. Ni ina cewa iya koyarwata ce, su kuma sun san dalilin da ya sa kowa ke son ni ne malaminsa.

Ana nan sai ga Sambo. Saurayin Bafillace ne daga wata ruga ta wajen Kiru, ya ɗan girme ni, yana rako dabbobi duk ranar kasuwa. Ranar farko ya tsaya daga nesa da sandarsa a kafaɗa yana kallon talabijin ta ƙofa. Habu ya ce masa nan ba a sayar da dusa, aka kwashe da dariya. Na tashi na kamo hannunsa, na ce wannan baƙona ne, na ɗebo masa ruwa a randa (bai sha ba sai da ya juya baya), na shimfiɗa masa buhu a bakin ƙofa. Tun daga ranar yake ce mini Malam, kuma duk zuwa sai ya riƙo mini ɗan nono a gora.

Sambo yana son bencin nan, ba sai ya faɗa ba. In wani ya tashi salla, sai in ga idonsa a gurbin da aka bari. Ni ma ina so ya hau, ko don in rufe wa Habu baki. Tuƙi kam ya kama shi da wuri, yana ratsa duwatsu kamar a cikinsu aka haife shi. Amma harbi ya gagara. Duk karawar da za mu yi, zai yi ta zagaye ni, ya zo daidai bayana inda ko makaho zai same ni, sai ya wuce. Daga ƙarshe ya tsaya a gabana in harbe shi.

Na yi bayani har na gaji. Na kama babban yatsansa na ɗora a kan madannin, na ce nan ne, danna. Ya danna, harsashi ya fita ya bi iska. Na tambaye shi ko ya gane, ya ce ya gane, Malam. Mu koma fage, a sake maimaita jiya. Na yi masa bayani da Hausa, na haɗa da 'yar Fillancin da na tsinta a bakin masu tallan nono, ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ban taɓa tambayarsa me ya hana shi ba, don ni a ganina na riga na sani: kansa ne bai ɗauka ba.

Kuma, Allah ya yafe mini, abin ya fara yi mini daɗi. Ga shi karon farko na sami wanda nake ci kullum. Na fara tafiya ina buɗe hammata. Har nakan ce wa 'yan benci hannuna ne ya faɗa, su yi hattara.

Ranar da abin ya faru, an aike ni garin Ƙofa da safe, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar da shagon cike, amma shiru kamar an yi mutuwa. Sambo na tsugune a kan buhunsa, kansa a ƙasa. Habu ya tare ni da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya miƙo mini hannun gem da ladabi.

"Ranka ya daɗe Sarki, zo ka gwada mana ɗalibinka."

Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na gyara zama, na ma fara da huɗuba, ina tuna wa Sambo inda madannin harbi yake, da ƙarfi don kowa ya ji. Aka fara. Ya zagaye ni, ya kuma zagaye ni, ya bi bayana kamar inuwa, sannan ya zo ya tsaya cak a gabana. Na sakar masa wuta, jirginsa ya tarwatse.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Ko ganin taron ne, oho. Na miƙe na ɗaga hannu sama, na taka, na juya, na sake takawa, ina yi wa kaina kirari. Na dafa kafaɗar Sambo na ce ya yi haƙuri, Kumbo ba kiwo ba ne, sai a hankali.

Sai shagon ya fashe. Wani ya faɗo daga benci yana riƙe ciki. Habu har da hawaye. Ni kuma ina tsaye ina taya su, a zatona bajintata ce ta burge su.

Ɗanladi ne ya ji tausayina ya jawo ni gefe. Ya ce tun azahar Habu ya ba Sambo hannun gem don a sami abin dariya, Sambo ya harbo shi kafin ya gyara zama. Aka sake, ya sake. Daga nan ya bi 'yan benci ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ko taɓa jirginsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na waiga, buhun ba kowa.

Na cim masa a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, yana kwance igiyar wani maraƙi. Na tambaye shi, tambayar da ya kamata in yi tun tuni, me ya sa ba ya harbina. Bai ɗago ba.

"Malam, ranar da na zo kowa dariya ya yi mini, kai ka ce ni baƙonka ne. A wajenmu wanda ya sauke ka ba ka ɗaga masa sanda, ko da wasa ne."

Na ce ai hoto ne a talabijin, ba ni ba ne. Ya ce amma ni ke riƙe da shi. Na ce to ai dokar benci ke nan, in bai harbe ni ba ba zai hau ba. Ya ce ya sani tun ranar farko.

Na koma shago na roƙi a ɗage masa dokar. Ban ma sha wahala ba, Habu da kansa ya ce wanda ya yi masa irin wannan wanki ai tsakiyar benci ya kamata ya zauna. Kasuwa ta zagayo, muka share masa wuri, Sambo bai zo ba. Na bi shi kara. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini gorar nono. Da na kawo zancen shago sai ya ce ba zai iya komawa inda aka yi wa Malam dariya ta dalilinsa ba. Wato ni na yi rawar, shi ya ɗauki kunyar. Na lallashe shi, na rantse ban ji haushi ba, ya ce to, irin "to" ɗin da na riga na koyi ma'anarsa, wato a'a cikin ladabi. Da rani ya yi suka gangara da shanu wajen Doguwa, ban sake ganinsa ba.

Haka aka yi mutumin da ya fi kowa iya Kumbo a garinmu bai taɓa zama a bencin nan ba, kuma Sarkin Baƙi ne sanadi. Wannan ya fi rawar yi mini ciwo, ko da yake rawar ce mutane suka riƙe. (Har yau in na haɗu da Habu, da furfurarsa da komai, sai ya ɗan karkaɗa kafaɗa kafin ya ba ni hannu.)

Abin da na koya dai shi ne, in ka ga baƙonka ya ƙi danna wani abu, kafin ka kama masa yatsa ka fara tambayarsa dalili. In kuma ka ga kana cin mutum kullum alhali ka san kanka, to ka yi zamanka, kada ka tashi rawa.