Zakin Dilimi

Lokacin da ake yayin dandalin hira na intanet, a Jos babu mai hannun Oga Bitrus wajen haɗa bana, wato hoton da ke fitowa a ƙasan saƙon mutum. Shagonsa na intanet da ke Anguwan Rukuba nake zuwa koyo. Kala biyu kawai yake sawa, amma sai ka kasa ɗauke ido.

Ya sha gaya mini, "Rage kwalliya, abokina. Bari rubutu ya sha iska." Ni kuwa gani nake na wuce wannan matakin. Na zaɓi haruffa masu lanƙwasa, na zuba musu wuta da inuwa, na rubuta laƙabina, Zakin Dilimi, na ɗora ban nuna masa ba.

Washegari wani a dandalin ya tambaya, "Malam, wa ya raɗa maka Jakin Dilimi?" Ashe lanƙwasar ta mai da harafin farko kamar J.

Oga Bitrus ko murmushi bai yi ba. Ya gyara mini tsaf, har banar ta fi ta kowa kyau. Amma har yau, da furfurata, in na shiga majalisa sai wani ya ce a kawo dusa.