Ni da Akwatin Rigakafin Barmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa cutar da yaran Barmu saboda jin zafi ba. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar garin, na taso daga Tawa zan koma gida a motar haya, watan bazara. Kusa da ni wata mata ce rungume da shuɗin akwati a cinya.

Ni kuwa bakina bai huta ba. Na hau ma'aikatar lafiya da faɗa: suna zaune Yamai cikin sanyi, ba su san talaka ba, ba abin da ke iso mu. (Idan na samu masu gyaɗa kai, Allah kaɗai ke tsayar da ni.)

Sai taya ta fashe. Muka sauka, ba inuwa ko ta ƙaya. Matar ta tura akwatin ƙarƙashin kujera, ta tafi alwala. Na taɓa shi, na ji sanyi. Na ce a raina, 'yar kasuwa ce, lemo ta ɗauko. Na buɗe, na zaro robar ƙanƙara guda na ɗora a ƙeya, na bar murfin a hangame, na ci gaba da lacca.

"Mushe! Mi ka yi haka?" Matar ce ta dawo, ta kira ni yadda ake kiran malaman lakwal.

Ta fizge robar, ta duba 'yan kwalaben ciki ɗaya-ɗaya.

"Rigakafin ƙyanda ne na ɗiyan Barmu. In ya sha zafi ya lalace, kuma uwaye na can suna jira tun safe."

Wani tsoho ya ce, "Wa ya aiko shi, ɗiyata?"

"Ma'aikatar lafiya, Baba."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Ta ce Allah ya kiyaye, maganin bai taɓu ba. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓe akwatin, na riƙe shi har garin kamar jinjiri. Da muka isa likita, wato asibitin garin, layin mata ya kai bakin hanya, har da matata goye da autanmu.

Har yau ina sukar gwamnati, ban tuba ba. Amma yanzu sai na fara tambayar maƙwabcina a mota abin da ya ɗauko.