Ranar Da Na Yi Wa Allon Nafisa Likkafani

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwarmu ta Tremont ba. Ko na so mantawa ma, jama'ar masallacinmu ba za su bar ni ba.

'Yata Nafisa a nan New York aka haife ta. Tun tana sakandare ta kamu da son hawan igiyar ruwa a bakin tekun Rockaway, wasan nan da mutum ke tsayawa a kan dogon allo, teku yana wurgi da shi. Ni kuwa mutumin Kano ne, ruwa in ya wuce gwiwata sai salati. Na yi faɗa, na yi wa'azi, duk a banza. Abin da na iya kawai shi ne ɓoye zancen. Duk wanda ya tambaye ni ina take zuwa ranar Asabar, sai in ce laburare.

Da ta tafi jami'a a California, allon ya zauna a bayan kujerar falo. Ana saura kwana biyu in kai mata ziyara ta bugo waya. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci kamar kullum, amma ƙarshen maganar da Hausa ta yi shi: "Baba, don Allah ka zo mini da shi. Kada ya fashe." Shekara uku ba ta roƙe ni komai ba saboda rigimar allon nan. Raina ya sosu, na rantse ko ƙwarzane ba zai yi ba.

Ta ce in cire fika-fikan da ke ƙasansa, in sayi jakar da ake sa shi. Fika-fikan na cire. Jaka kuwa na ce, ni da na sha ɗauro kaya daga Kano ko kwalbar turare ba ta taɓa fashe mini ba, wa zai koya mini ɗauri? Na naɗe allon da bargo biyu, na cusa matashi sama da ƙasa saboda masu jifa da kaya a filin jirgi, na lulluɓe shi da farin yadin da na saya a Fordham Road don ɗinkin Sallah. Sannan na yagi bakin yadin na ɗaure wuri uku: kai, tsakiya, ƙafa. (A nan ya kamata ku sani, shekara goma ina cikin masu yi wa mamata sutura a masallacinmu. Hannuna ɗauri ɗaya ya sani.)

Ana sallame Juma'a na yi wuf na koma gida da maƙwabcina Malam Sabo don ya kama mini mu kai allon tasin da nake tuƙawa, in wuce filin jirgi. Muka saɓa a kafaɗa muka fito titi, ina ta cewa, "A hankali, Malam, kula da kan." Masallacin gida uku ne tsakaninmu, jama'a kuma ba su watse ba.

Hajiya Memuna, 'yar Kumasi mai sayar da abinci a kusurwa, ita ta fara dafe ƙirji. "Innalillahi! Baban Nafisa, wa ya rasu?"

Kafin in buɗe baki maza sun rufe mu, kowa yana son ladan ɗauka. Aka zare mini allon daga kafaɗa, ya kama hanyar masallaci daga wannan hannu zuwa wancan. Na ji wani dattijo yana cewa, "Allah sarki, ya sha jinya, ko nauyi babu." Malam Sabo, wanda ya kamata ya cece ni, dariya ta durƙusar da shi a jikin tasina, jama'a suka ɗauka kuka yake.

Na bi su da gudu ina ihu, "Ba gawa ba ce!" Wani ya riƙe ni yana shafa bayana. "Yi haƙuri, Alhaji. Haka zafin rashi yake."

Sai da Liman ya ɗaga hannu aka sauke. A gaban kowa na tsuguna na kwance ɗaurin nan uku. Bargo ya buɗe. Ga allo ruwan hoda fau, da hoton kifi mai haƙora, da sunan Nafisa ɓaro-ɓaro a tsakiya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Liman ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗago. "Baban Nafisa, wannan ne laburaren?"

Na ce, "Shi ne, Malam. Kuma ta iya sosai." Ban san daga ina maganar ta fito ba, amma da na faɗa sai na ji sakayau. Liman da kansa ya riƙe mini bakin bargo na sake ɗaurewa, wannan karon wuri biyar.

Allo ya isa California lafiya lau. Nafisa ta shafa shi daga sama har ƙasa, ta rungume ni, sannan ta kalli farin yadin ta ce, "Baba, ina jakar?"

Darasin da na koya shi ne, in 'yarka ta ce ka sayi jaka, ka sayi jaka. Har yau in an yi rasuwa ni na yi suturar, kafin a ɗauka sai wani ya matso kusa da ni ya rage murya: "Alhaji, ka tabbata dai?"