Ranar da Na Ɗora Kwanon Gilashi a Kan Murhu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, waɗanda suka gani ba za su bar ni ba. Mu shida ne ranar. Akwai ɗana na fari (ba na kama sunansa, Akawu nake ce masa) da matarsa Binta, malamar makaranta. Akwai ogansa na ofis, wanda aka gayyata cin abincin rana. Akwai Gwaggo Tabawa, ƙanwar marigayi mijina, da ƙawata Ladi mai waina, wadda in ta ji magana da hantsi, kafin azahar ta kai ta Kurmin Mashi. Sai ni. Gwaggo da Ladi ba wanda ya gayyace su, ni na kwaso su daga Unguwar Shanu don su zama shaidu.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama ce, an ba Akawu gida a kwatas ɗin Unguwar Sarki. Ni kuwa shekara talatin ina riƙe da muciya a gidajen biki. A unguwarmu ba a ɗora tukunyar suna ko ta aure sai an aiko mini. Ban taɓa shiga aji ba, amma daga zaure nakan san miyar da gishiri bai ji ba. Wata shida na yi ina bin gida gida ina cewa ɗana ya rame, matarsa takarda ta iya, ba girki ba. (Bai rame ba. Wandunansa ma sai da tela ya buɗe su. Na gani, na kau da kai.) To ranar nan na zo ne a tabbatar da maganata a gaban mutane.

Ku sani, tun da aka kawo Binta na kafa mata doka: in na yi magana, ba musu, ba bayani. Amsarta kalma biyu ce.

Muka zauna a kicin mu uku, muka zuba mata ido. Ta dafa kaza ta yayyage naman. Ta tafasa makaroni, bai gama dahuwa ba ta tsame. Ta narkar da bota, ta zuba fulawa, sai na ga ta huda gwangwanin madara tana kwararawa. Kaza da madara, jama'a, kamar wadda za ta yaye jariri. Ta haɗe duka a wani faffaɗan kwanon gilashi, ta barbaɗa cukun Turawa a kai, ta tura cikin akwatin da ke ƙarƙashin murhun gas, ta rufe.

Na ce, "Ina wutar?"

"Tana ciki, Inna."

"Wutar da ba hayaƙi ba harshe? Ɗanyen abu za ki ba baƙo."

"To, Inna."

Gwaggo ta taɓe baki. "Kunun kaza ke nan. Allah ya sa ogan ba shi da gyambon ciki."

Da muka ji tsayawar mota, Binta ta tafi sauya kaya ta gaida baƙo. Ni kuma na buɗe akwatin. Abu fari fat, samansa ya ɗan yi ja, gefe yana ɓararraka. Ba manja, ba yaji, ba abin da zai nuna an san darajar namiji. Na sa tsumma na ɗauko kwanon, na fita da shi can baya inda suke da murhun dafa ruwan wanka. Na iza itace, na fifita har wuta ta tashi sosai. Na kwance bakin zanena, na ciro daddawa da barkono. (E, da su na zo daga gida. Ban ce muku ni mutuniyar kirki ba ce.) Na ɗora kwanon a kan duwatsun, na kama juyawa, Ladi tana cewa, "Yanzu aka fara girki, Yaya."

Sai ga Binta da sauri. "Inna, wannan kwanon ba ya..."

Na ɗago ido. "Me na ce miki?"

Ta haɗiye sauran maganar. "To, Inna." Ta ja da baya taku uku, ta jawo hannun Gwaggo. Na lura da wannan ja da bayan, na ce a raina yarinya ta fara sanin girma.

Ƙarar da kwanon ya yi, sai ka ce tayar babbar mota ta fashe. Gindinsa ya tarwatse, kaza ta koma cikin toka, madara ta kashe wutar, hayaƙi ya turnuƙe. Makaroni har kan ɗankwalin Ladi, har saman girata. Allah ya tsare, ba wanda ya yanke. Kafin in goge fuska, Akawu da ogansa suna tsaye a kanmu, ni kuma ga muciya a hannu.

Ogan ya ce, "Lafiya dai, Hajiya?"

Binta ta durƙusa. "Ni ce na ɗora, ranka ya daɗe. Na yi sakaci. A yi haƙuri."

Akawu ya dube ta, murya ƙasa ƙasa. "Yau ɗin, Binta? A gaban mutane?"

Ga abin da na zo nema an miƙo mini: shaidu biyu, miji ya ɓata rai, baƙo ya gani. Na bar yarinya a durƙushe tana ɗauke da laifina. Gwaggo kuwa ta tsinci makaroni ɗaya daga hannun rigarta, wanda barkonona bai kai gare shi ba, ta jefa a baki, ta tauna a hankali.

"Wallahi da daɗi," in ji ta. "Ashe ya dahu."

Na sani. Wanda ya manne mini a leɓe tuni na lashe shi.

Burodi da soyayyen ƙwai ogan ya ci, bai daɗe ba ya tafi. A motar haya muna komawa, da muka kusa sauka Ladi ta matso kusa da kunnena.

"Yaya, in an tambaye ni, wanne zan faɗa? Wanda na ji ko wanda na gani?"

Abin da na koya bai da yawa, amma ya ishe ni: duk wanda ka hana shi yi maka musu, ka hana shi ce maka ka matsa kada ka ƙone.

Washegari da sassafe na tsaya a gaban kaskon Ladi, masu sayen waina cike, na ce ta faɗi wanda ta gani. (Ta riga ta faɗa.) Daga nan na sayi kaza mai rai, na riƙo ta a hammata har Unguwar Sarki. Na tarar da Akawu zai fita ofis, na tare shi a ƙofa.

"Ni na fasa kwanon. Matarka ta so hana ni, na rufe mata baki. Ka koma ka ba ta haƙuri, ofis ba zai gudu ba."

Ya juya ya koma ciki. Ni kuma na zagaya wajen kicin, kaza tana ta kuka. Na tsaya a bakin ƙofa, na yi sallama, na jira sai da Binta ta ce in shigo.